Sa Ido da Auna Aikin Ma'aikatan Lafiya na Cikin Al'umma: Yadda Ake Gane Ko Magani Ya Kai ga Yaro

Ma'aikacin lafiya na cikin al'umma mutum ne da ake zaɓowa daga ƙauye ko unguwa, a ba shi horo, a damƙa masa akwatin magani da littafin rajista, domin ya kula da ƙananan yara a inda asibiti ya yi wa mutane nisa. A ƙasar Hausa sau da yawa mace ce, domin ita ke iya shiga cikin gida ta zauna da uwa a kan tabarma ɗaya. A Najeriya, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin CHIPS a shekarar 2018 don haɗa irin waɗannan ma'aikata a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Jamhuriyar Nijar tana da nata 'yan sa-kai na ƙauyuka, tare da ƙananan ɗakunan shan magani da aka fara ginawa da yawa a farkon shekarun 2000. Habasha kuwa tun 2003 ta kafa nata tsarin, inda take ajiye mata biyu masu albashi a kowane ɗakin shan magani na karkara.

Aikin da aka fi ɗora musu game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar shi ne magance cututtuka uku da suka fi kashe su: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, da ciwon huhu na namoniya. Haka kuma suna gano tamowa tun ba ta yi nisa ba, suna tura yaron da ya jigata zuwa asibiti. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta goyi bayan wannan tsari. Girman matsalar a bayyane yake. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 na rasuwa kafin su cika shekara biyar, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kai 187.

To, idan an horar da ma'aikata, an raba akwatuna, an yi biki an ɗauki hotuna, ta yaya za a san cewa yaran ƙauye sun amfana? Nan ne abubuwa biyu ke shigowa: sa ido da kuma aunawa. Sa ido aiki ne na kullum, na wata-wata, wanda ke tambayar ko abubuwa na tafiya yadda aka tsara. Aunawa kuwa ana yin ta ne lokaci-lokaci, bayan shekara biyu ko uku ko fiye, kuma tambayarta ta fi nauyi: shin shirin ya canza wani abu, kuma shi ne ya canza shi? Kamar manomi ne da ke zagaya gonarsa duk safiya ya ga ko ciyawa ta taso ko tsutsa ta shiga, sannan da kaka ya ƙirga dami ya kwatanta da na bara. Wanda ya bar zagayen ba zai san abin da ya rage masa amfani ba.

Sa ido yana farawa ne daga littafin rajistar ma'aikaciya. Duk yaron da aka kawo mata, tana rubuta shekarunsa, da abin da ke damunsa, da sakamakon gwajin jini idan zazzaɓi ne, da yawan numfashinsa a minti ɗaya idan tari ne, da launin da ma'aunin dantse ya nuna, da maganin da ta bayar, da kuma ko ta tura shi asibiti. A wuraren da ma'aikata ba su yi boko mai zurfi ba, ana yin rajistar da zane-zane, sai dai a sa alama a ƙarƙashin hoto. Ƙarshen wata takan tattara jimla ta kai wa jami'in asibitin da take ƙarƙashinsa, shi kuma ya tura ƙaramar hukuma, inda ake shigar da alƙaluman cikin manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, kuma Najeriya da Nijar duk suna amfani da ita. Rauni na farko yakan bayyana tun a wannan mataki. Rahoton ƙauye yakan makale a hanya, ko ya shige cikin na asibiti a kasa bambance su, ko kuma ya tafi kai tsaye ofishin ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin shirin ba tare da gwamnati ta gan shi ba. Idan ƙungiyar ta tattara nata ya nata ta tafi, alƙaluman ma sun tafi da ita.

Jimla ita kaɗai ba ta faɗin komai. A ce ma'aikaciya ta ba da rahoton cewa ta duba yara 20 a watan Agusta. Aiki ne mai kyau ko kuwa? Sai an san yara nawa ne a yankinta. Idan yara 60 ne, ta yi ƙoƙari. Idan 400 ne, kuma ana tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara gida-gida, to yawancin marasa lafiya ba su zo wurinta ba. Shi ya sa ake son kowace ma'aikaciya ta fara da ƙidayar gidajen yankinta, ta san masu ciki da jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyar, ta riƙa sabunta lissafin. Wannan ya fi muhimmanci a Najeriya, inda rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006, kuma yawan mutanen kowace mazaɓa hasashe ne kawai. Wannan hasashen ne ke sa wani lokaci a ji rahoto na cewa an yi wa kashi 120 cikin 100 na yara rigakafi, abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Abu na biyu da mai sa ido ke dubawa shi ne akwatin magani, kuma a nan ne shirye-shirye da dama ke mutuwa a tsaye. Akwai abubuwa kaɗan da bai kamata su yanke ba ko da na kwana ɗaya: tsinken gwajin zazzaɓi, maganin zazzaɓi na kwana uku, garin ruwan gishiri da sukari, ƙwayar zinki, da ƙwayar amoksisilin mai narkewa a ruwa. Ba a tambayar ko akwai magani yau kawai, domin ana iya cika akwati jajibirin zuwan baƙi. Ana tambayar kwana nawa aka yi babu shi cikin watanni ukun da suka wuce, a kuma duba katin kaya a ga ko ya yi daidai da abin da ke cikin akwati, da kuma ko wa'adin maganin bai wuce ba. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Uwar da ta ɗauko yaro cikin dare ta tarar babu magani, ta sake zuwa ta tarar babu, ba za ta zo na uku ba. Kemis za ta nufa ko mai tallar magani, kuma za ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta. Bayan wata biyu rajista za ta nuna yara kaɗan, wanda bai san dawan garin ba sai ya ce cuta ta ragu.

Sai ingancin aikin kansa, wanda takarda ba ta iya nuna shi gaba ɗaya. Ƙa'idar gano namoniya a ƙauye ta dogara ne kan ƙirga numfashi na minti ɗaya cur, yaro yana natse ba ya kuka. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye saurin numfashi ne. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. A baki abu ne mai sauƙi, amma bincike a ƙasashe da dama ya nuna nan ne ma'aikata suka fi yin kuskure. Wata takan ƙirga rabin minti ta ninka, wani yakan dubi yaro kawai ya yanke hukunci. Sakamakon kashi biyu ne: a ɗura wa mai mura maganin da ba ya buƙata, ko a sallami mai namoniya da maganin tari. Haka ma ma'aunin dantse. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Idan aka matse igiyar da yawa ko aka sassauta ta, launi ya canza, makomar yaro ma ta canza.

Saboda haka ziyarar mai duba aiki ba ta cika sai ya zauna ya ga yadda ma'aikaciya ke duba yaro, sannan shi ma ya sake duba yaron ya kwatanta, domin gani ya kori ji. Idan ba a sami maras lafiya a ranar ba, sai ya kawo mata misali da baki ya ji yadda za ta yi, ko ya buɗe rajista ya bi layi-layi: wannan gwajinsa ya nuna babu zazzaɓin cizon sauro, me ya sa aka ba shi maganinsa? Wannan yana da gudawa, an ba shi ruwan gishiri da sukari, ina zinkin da ya kamata ya sha na kwana 10 zuwa 14? Yadda ake yin ziyarar ma abin lura ne. Mai duba aikin da ke zuwa da tsawa yana neman laifi, abin da zai koya wa ma'aikaciya shi ne ɓoye kuskure. Wanda ke zama ya gyara mata a asirce, ya saurari kukanta, shi ke jin gaskiyar abin da ke faruwa. Shi ma mai duban ana sa masa ido: ma'aikata nawa ya ziyarta cikin wata uku, kuma an ba shi kuɗin man babur ko kuwa an bar shi da umarni kawai?

Ko da an sami magani da ƙwarewa, akwai sauran rina a kaba, wato ko mutane na zuwa. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna shirin Habasha a yankin Oromiya tsakanin 2011 da 2013, inda aka fara shi a wasu gundumomi aka jinkirta shi a wasu don a kwatanta. Sun tarar an horar da ma'aikatan, magunguna na nan, ana ziyartarsu, ingancin aikinsu ma ya ƙaru. Amma iyaye kaɗan ne ke kai musu yara marasa lafiya, kuma binciken bai ga bambancin a zo a gani ba a mace-macen yara tsakanin ɓangarorin biyu. Da an tsaya ga lissafin horo da akwatuna, da an ce shirin ya gama cin nasara. Aunawar ce ta nuna inda gizo ke saƙa, ta sa hankali ya koma kan tambayoyin da ke cikin gida: shin uwa ta san ana ba da wannan magani a kusa da ita? Tana samun ɗakin shan maganin a buɗe? A ƙasar Hausa kuma sai a ƙara da wasu: wa ke ba da izinin fita da yaro idan maigida na gona ko ya tafi ci-rani, kuma me kakar yaro ta ce game da ciwon?

Tura yaro asibiti wani wuri ne da rajista ke yawan ruɗar mutane. Alamomin haɗari sanannu ne: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana taune-taune, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Irin wannan yaro ba na ƙauye ba ne. Ma'aikaciya za ta rubuta cewa ta tura shi, amma rubutun bai ce ya isa ba. Wani babban bincike mai suna CARAMAL, da aka gudanar daga 2018 zuwa 2020 a jihar Adamawa ta Najeriya da Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ya bi sawun yaran da ake sa wa maganin atesunet ta dubura kafin a tura su asibiti. Maganin na rage kaifin zazzaɓi mai tsanani na ɗan lokaci ne kawai, don yaro ya samu ya isa inda za a yi masa allura a kuma ba shi cikakken magani. Binciken ya gano cewa yara da yawa ba sa kammala wannan tafiya, wasu kuma ko sun isa ba sa samun cikakkiyar kulawa. A farkon 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe da su dakata da faɗaɗa amfani da maganin, daga baya kuma ta fitar da ƙarin bayani da ke jaddada cewa sai an haɗa shi da ingantacciyar hanyar kai yaro asibiti. Shi ya sa kyakkyawan tsari ke amfani da takarda mai ɓari biyu, ɗaya ya tafi da uwa, asibiti ya sa hannu ya dawo da shi, ma'aikaciya kuma ta leƙa gidan ta ga yadda aka kwana.

Dole a yi maganar alƙaluman ƙarya, domin suna nan. Idan aka ɗaura alawus ɗin mutum a kan yawan gidajen da ya shiga, kuma aka ba shi gidajen da ƙafa ba za ta iya gamawa ba, wani zai zauna a gindin bishiya ya cika fom. Yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya ya koyar da darasi a nan. An riƙa shafa wa yaron da aka yi wa rigakafi tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a bangon gida, ana aika masu bin sawu da ba sa cikin ayarin masu rigakafi. Daga wajen 2012 aka fara ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, aka ɗora sawunsu a kan taswirar tauraron ɗan Adam, sai ga rugage da ƙauyuka da ba sa cikin lissafin kowa. An kuma yi amfani da wata gajeriyar hanyar tantancewa, inda ake zaɓar wurare shida ba tare da son rai ba, a duba yara 10 a kowanne, a ƙirga waɗanda ba su da tawada. Yara 60 ba za su ba da adadi na ƙwaƙƙwafi ba, amma sun isa a ce wannan yanki ya wuce, wancan a sake shi. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, kuma irin wannan bin diddigi na cikin abubuwan da suka kai ga haka.

Rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 don yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, yana da nasa tarkon. Mai rabo yana ba da na ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ake bar wa. Takardar mai rabo tana ƙirga fakitin da ya fita daga jakarsa. Ba ta san wanda aka ajiye a ƙarƙashin katifa ba, ko wanda aka raba wa yayan yaro. Sai an koma gidaje bayan kowane zagaye, an tambayi uwaye, an duba kati da fankon magani, kafin a san yara nawa ne suka sha na kwana ukun.

Aunawar tasiri, wato ko mutuwar yara ta ragu, ita ce mafi wuya da tsada. Yawancin yaran karkara a gida suke rasuwa, a binne su a ranar, ba takarda ba rajista. Don haka ake dogara da binciken gida-gida, inda ake tambayar kowace mace tarihin haihuwarta tun daga farko. Mai tambaya a ƙasar Hausa sai ya san al'ada. Akwai kunyar ɗan fari, akwai matan da ba sa son ƙirga 'ya'yansu a baki, jaririn da ya koma kafin ranar suna kuma sau da yawa ba a ambatarsa sai an tambaya cikin lalama. Idan aka yi gaggawa, waɗannan jarirai za su ɓace daga lissafi, adadin ya fito ƙasa da gaskiya. Don sanin abin da ya kashe yaro, akan zauna da iyalinsa bayan zafin rashi ya lafa, a tambayi alamomin ciwon, da ranar da aka fara neman magani, da wuraren da aka je, da abin da ya kawo jinkiri.

Ko an ga raguwa, sai a tambaya: shirin ne ya kawo ta? Cikin shekarun da shirin ke gudana ana iya raba gidan sauro, a yi damina mai albarka, a gyara hanya. Wani shirin UNICEF na ceton rayukan yara a Yammacin Afirka ya zama abin misali. Da aka auna shi a Benin da Ghana da Mali, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2010, an ga mutuwar yara ta ragu a gundumomin shirin, amma a Benin da Mali raguwar ba ta fi ta sauran yankunan da ba a yi shi ba. Ba don an kwatanta ba, da an jingina wa shirin nasarar da ba tasa kaɗai ba ce. Nijar ta ba da misali na wani ɓangaren. Nazarin da mujallar ta wallafa a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Masu nazarin ba su ɗora nasarar a kan abu ɗaya ba. Sun haɗa ɗakunan shan magani na ƙauyuka, da kulawa kyauta ga yara da masu ciki da aka fara a 2006, da gidan sauro, da sinadarin bitamin A, da aikin yaƙi da tamowa. Abin da ya ba su damar yin wannan lissafi shi ne Nijar ta riƙa yin binciken gida-gida akai-akai a waɗannan shekaru.

Ita ma'aikaciyar kanta tana cikin abin da ya wajaba a sa wa ido. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun ba da shawarar a riƙa biyan waɗannan ma'aikata gwargwadon aikinsu, a ba su rubutacciyar yarjejeniya, a kuma riƙa duba aikinsu cikin tallafi. Rahoton da ya faɗi yawan waɗanda aka horar, bai faɗi nawa ne ke bakin aiki har yanzu ba, da watanni nawa suke bin bashin alawus, rahoto ne rabi. Matar da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa tsakar dare, wadda ta bar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ɗinki don yaran mutane, ba daidai ba ne a nemi fom biyar a hannunta duk wata alhali haƙƙinta na maƙale a ofis. Yawan fom ɗin ma matsala ce, domin kowace ƙungiya kan zo da nata. Alƙaluma kaɗan da ake karantawa a yi aiki da su sun fi tarin da ke cin ƙura a kan kanta.

Alƙaluman da suka hau sama kuma ya kamata su sauko ƙasa. A Najeriya akwai kwamitocin ci gaban mazaɓa, inda wakilan masu unguwanni da malamai da mata ke zama da jami'in asibiti. Idan aka karanta musu a fili cewa cikin yaran da aka tura asibiti a watan jiya kaza ne ba su isa ba, kuma yawancinsu daga ƙauyukan ƙetaren rafi suke, mutanen wurin sun fi kowa sanin abin yi: a tanadi mai babur da za a kira ko da dare, a kafa asusun gaggawa, dagaci ya yi magana da magidanta a ba mata izinin fita da yaro ko ba sa nan. A irin wannan zama jimla ake karantawa. Sunan yaro da ciwonsa da sirrin gidansu amana ce a hannun ma'aikaciya da mai duba aikinta, kuma littafin rajista ba a barin sa a buɗe a zaure, wayar da ake shigar da bayanai ma ana kulle ta da lambar sirri.